MitoQ da CoQ10: da gaske suna gyara zuciya da sukari, ko daɗin baki ne na masu talla?

Sani, Agege:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga likitoci da masu harhaɗa magunguna da ke cikinmu. Kwanan nan daga Agege har Mile 12 an cika tallar wasu ƙwayoyi da ake cewa suna shiga cikin mitokondiriya su wanke ta, su sauke hawan jini, su daidaita sukari, su ƙarfafa zuciya. Sunayen da aka fi ji su ne MitoQ da CoQ10, wasu kuma suna haɗawa da bitamin E da C. Masu saye yawanci dattawa ne da ke kan amlodipine ko metformin, har wasu sun fara cewa in sun samu wannan za su ajiye na asibiti. Mene ne bambancin MitoQ da CoQ10? An gwada su a jikin mutane, ko a ɓera aka tsaya? Kuma mai shan maganin hawan jini ko na sukari, akwai haɗari in ya haɗa? Allah ya saka da alheri.

Habibu, mai harhaɗa magunguna, Ikeja:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Sai an san aikin mitokondiriya kafin a gane abin da masu tallar ke nufi, don haka bari in fara daga can.

Ka ɗauke ta kamar janareta a cikin kowace ƙwayar halitta. Manta shi ne sukari da kitse, tana shaƙar oksijin, wutar da take bayarwa kuma ita ce ATP. A tantaninta na ciki akwai tashoshi huɗu da ilektiron ke bi, daga wannan zuwa wancan, har ya isa ga oksijin a samu ruwa. CoQ10 shi ne ɗan dakon da ke ɗaukar ilektiron daga tasha ta ɗaya da ta biyu ya kai ta uku. Jiki da kansa yake ƙera shi. To, ba kowane ilektiron ke isa masauki ba. Wasu kan zame, musamman a tasha ta ɗaya da ta uku, su faɗa kan oksijin tun lokaci bai yi ba, sai a samu sufa'oksaid. Wannan shi ne tartsatsin da ake magana. Mitokondiriya na da masu kashe gobararta: wani sinadari mai suna SOD2 yana mai da sufa'oksaid ya zama haidirojin feroksaid, sannan gulutatayon feroksides da 'yan uwansa su mai da shi ruwa. Idan tartsatsin ya fi ƙarfinsu, sai ya fara cin kitsen tantanin, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi a bakin teku.

Matsalar bitamin E da C, har da CoQ10 na kwalba, ita ce sun bazu ko'ina a jiki, kaɗan ne ke isa inda wutar take. Wannan ne ya sa a ƙarshen shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand, Michael Murphy da Robin Smith, suka yi wata dabara. Sun ɗauki kan CoQ10, wato ɓangaren da ke kashe tartsatsi, suka yanke doguwar wutsiyarsa, suka ɗaura masa gajeriyar sarƙa mai kabon 10, a ƙarshenta suka maƙala wani sinadari mai cajin fositib da ake kira TPP. Cikin mitokondiriya kuwa cajinsa negetib ne, da ƙarfin milibolt 150 zuwa 180. Ƙa'idar ita ce kowane milibolt kusan 60 yana ninka taruwar irin wannan sinadari sau goma. Shi ya sa MitoQ ke taruwa a ciki har ninki ɗaruruwa fiye da waje. Da ya shiga, tasha ta biyu ce ke sabunta shi duk lokacin da ya kashe tartsatsi, ya koma bakin aiki.

Abin da masu talla ba sa faɗa: MitoQ ba ya aikin dakon da CoQ10 ke yi, domin tasha ta uku ba ta karɓar kaya daga hannunsa yadda ya kamata. Saboda haka ba ya ƙara ATP kai tsaye, kuma ba ya maye gurbin CoQ10 ga wanda ya rasa shi. Duk wanda ya ce maka "CoQ10 ne mai ƙarfi sau ɗari" bai faɗi daidai ba. Abubuwa biyu ne daban.

Batun gwaji a mutane, an yi, amma kaɗan ne. A 2010 an wallafa gwajin masu cutar Parkinson su 128, miligiram 40 ko 80 kullum har shekara guda. Cutar ba ta rage gudu ba, kuma masu shan mai yawa sun fi fama da tashin zuciya da amai. A shekarar dai an gwada shi a masu ciwon hanta nau'in C su 30 na kwana 28, aka ga sinadarin ALT, wanda ke hawa a jini in hanta ta ji rauni, ya sauka. Wanda aka fi yayatawa shi ne na 2018 daga Jami'ar Colorado a Amurka: dattawa 20 masu shekara 60 zuwa 79, miligiram 20 kullum na mako shida. An ɗaure musu dantse na minti biyar, aka saki, aka auna yadda jijiyar hannu ke buɗewa. Buɗewar ta fi ta lokacin da suka sha ƙwayar wofi, wato wadda ba magani a ciki, da kashi 42 cikin 100. Sakamako ne mai kyau, kuma dalilinsa a fili yake: sufa'oksaid yana cinye naitirik oksaid, wanda shi ne ke sa jijiya ta saki jiki. Amma a lura, mutum 20 ne, lafiyayyu, mako shida. Ba a auna shanyewar ɓarin jiki ko toshewar jijiyar zuciya ko mutuwa ba. Sannan abin da ake sayarwa a kwalba yawanci miligiram 10 ne a rana, rabin abin da aka gwada.

A ɓeraye kam an ga abubuwa da yawa: hawan jini ya sauka, kitsen hanta ya ragu, zuciya ta jure yankewar jini. Sai dai an kuma ga cewa idan ya yi yawa, TPP ɗin da kansa yana sa tantanin yoyo, har an nuna a ɗakin gwaji yana kumbura mitokondiriyar ƙwayoyin ƙoda. Mai ciwon ƙoda ya kiyaye.

Dakta Binta, likitar zuciya, Idi-Araba:

Malam Habibu ya gama da ɓangaren sinadari. Ni zan tsaya kan zuciya, domin a nan ne kuskure ke kai mutum kushewa.

Dalilin da ya sa masana suka damu da wannan fanni ba ƙarami ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar tsokar zuciya mitokondiriya ce, kuma zuciya ba ta da rumbun ajiya: ATP ɗin da ke cikinta na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Akwai kuma wani abu da aka gano a Kambirij a 2014. Idan jijiyar zuciya ta toshe, wani sinadari mai suna saksinet yana taruwa. Da zarar an buɗe jijiyar jini ya dawo, sai a ƙone shi a guje, ilektiron su juya da baya ta tasha ta ɗaya, tartsatsi ya tashi a mintunan farko. Ke nan dawowar jinin da kanta tana yin nata ɓarnar. Hankali ya ce in aka samu maganin da ke cikin mitokondiriya a wannan lokacin, za a ceci tsoka.

An gwada. Akwai wani da ake kira elamipretide, wanda Hazel Szeto da Peter Schiller suka samar. Shi ba ta hanyar caji irin na MitoQ yake aiki ba, manne wa wani kitse na tantanin ciki yake yi mai suna kadiyolifin, ya riƙe tsarin tashoshin. A gwajin EMBRACE STEMI an ba masu toshewar jijiyar zuciya lokacin buɗe ta, girman tsokar da ta mutu bai ragu ba. A gwajin PROGRESS-HF an ba masu gazawar zuciya na mako huɗu, ma'aunin da aka sa a gaba bai motsa ba. A 2025 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi, amma don wata cutar gado ce da ba a cika samu ba, cutar Barth, kuma allura ce, ba ƙwaya ba. A Rasha ma akwai SkQ1, mai kama da MitoQ, na Vladimir Skulachev, wanda ya ƙare a matsayin maganin ɗigawa a ido don bushewar ido.

Abin mamaki, wanda ya fi hujja a zuciya shi ne tsohon, wato CoQ10 na yau da kullum. Gwajin Q-SYMBIO na 2014 ya ɗauki masu gazawar zuciya mai tsanani su 420, aka ba rabi miligiram 100 sau uku a rana na shekara biyu, a kan magungunansu na asibiti. Manyan matsaloli, wato mutuwa ta dalilin zuciya ko kwanciya asibiti da makamantansu, sun samu kashi 15 cikin 100 na masu shan CoQ10, da kashi 26 na masu ƙwayar wofi. Ba na raina wannan sakamako. Amma gwaji ɗaya ne, ƙarami, an yi shekaru ana tara mutanensa, kuma an yi shi kafin zuwan sababbin magungunan gazawar zuciya irin su dapagliflozin da empagliflozin da sacubitril/valsartan. Shi ya sa ƙa'idojin jinyar zuciya na Turai da Amurka ba su sa shi cikin magungunan dole ba. Hukuncina: mai gazawar zuciya da ya cika magungunansa, kuma yana da hali, zai iya ƙarawa da sanin likitansa. Wanda kuɗinsa ba su kai duka biyu ba, ya sayi na asibiti.

Hawan jini kuwa, bitar da ƙungiyar Cochrane mai tattara sakamakon gwaje-gwaje ta yi a 2016 ba ta ga CoQ10 yana sauke shi sauka mai ma'ana ba. Abin da ke da hujja a jikin irinmu shi ne gwajin CREOLE na 2019, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida: haɗin amlodipine da hydrochlorothiazide, ko amlodipine da perindopril, ya fi haɗin da ba amlodipine a ciki. Don Allah Malam Sani, a gaya wa dattawan nan kada su ajiye. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ji garau alhali ma'auni na 180, ranar da zai sani ita ce ranar da baki ya karkace.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne gazawar zuciya bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawanta a ƙasar Hausa, a lokacin ana danganta ta da wankan jego da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka gano ƙarancin sileniyom a jinin da yawa daga cikin matan. Sileniyom shi ne abin da gulutatayon feroksides ɗin da Malam Habibu ya ambata ke buƙata kafin ya yi aiki. Sun yi ƙaramin gwaji da maikirogiram 200 a rana, aka ga alamomin ciwon sun ragu. Wannan cike giɓi ne ga mai rashi, ba lasisi ba ne ga kowa. Mai jego da ƙafa ta kumbura, numfashi ke gagararta in ta kwanta, asibiti za a kai ta a yi hoton zuciya, ba kemis ba.

Malama Rabi, mai ilimin abinci, Obalende:

Sannunku da ƙoƙari. A ɓangaren sukari, ina ganin akwai abin da ya kamata a juya wa kallo: tartsatsin nan ba duka ne sharri ba.

Mitokondiriya ta fi zubar da ilektiron lokacin da mai ya yi yawa, buƙatar wuta kuma ta yi kaɗan. Mutum ya cika ciki da shinkafa da lemon kwalba, ya zauna a shago daga safe har magariba, tashoshin sun cika maƙil ba mai karɓa, sai su yi ambaliya. Wannan ne tushen bayanin da Michael Brownlee ya yi a 2001 kan yadda yawan sukari ke lalata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Amma tartsatsin da ke tashi lokacin motsa jiki na ɗan lokaci ne, kuma saƙo ne ga tsoka cewa ta ƙera sababbin mitokondiriya, ta ƙara nata SOD2. A 2009 a Jamus, Michael Ristow ya sa samari kusan 40 motsa jiki na mako huɗu, aka ba rabi bitamin C miligiram 1000 da bitamin E awo 400 kullum. Waɗanda ba su sha ba, jikinsu ya ƙara jin insulin. Waɗanda suka sha, ribar ba ta samu ba. An kashe saƙon tun bai isa ba.

Don haka masu haɗa bitamin E a ciki su san tarihinsa. Gwajin HOPE na shekarar 2000 bai ga yana kare zuciya ba, da aka ci gaba da bin mutanen ma sai aka ga gazawar zuciya ta ɗan fi yawa a masu shan sa. A gwajin SELECT, ciwon dajin ƙwayar mafitsara ta maza ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Beta-karotin kuma ya ƙara ciwon dajin huhu a masu shan taba a Finlan. Sileniyom da Dakta ta ambata, shi ma an ga a wani gwaji a Amurka cewa maikirogiram 200 na shekaru ga mutanen da ba su da rashi ya zo da ƙaruwar ciwon sukari. In ya wuce 400 a rana, gashi na iya zubewa, farce ya riƙa karyewa.

MitoQ bai da babban gwajin da ya nuna yana sauke HbA1c, wato awon matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, a masu ciwon sukari. Abin da ke da babban gwaji shi ne motsa jiki da rage nauyi: a gwajin DPP na 2002, masu dab da kamuwa da suka yi tafiyar sauri minti 150 a mako suka kuma nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58, metformin kuma ya rage da kashi 31. A aikace, minti 30 sau biyar a mako, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In lokaci ya ƙure, minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci, domin a lokacin sukari ke hawa. Mai kilo 90 ya nufi rage kilo shida.

Abinci yana ba da CoQ10 kaɗan ne, miligiram 3 zuwa 6 a rana, daga zuciya da hanta, kifin taitus da sadin, da gyaɗa. Ko ka kwashe zuciyoyin mahautar Oko-Oba ba za ka kai 300 na Q-SYMBIO ba, kuma lafiyayye ba ya buƙatar ya kai, tunda jikinsa na ƙerawa.

Sani, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu biyu. Wasu suna cewa mai shan atorvastatin dole ya sha CoQ10 saboda ciwon jiki. Sannan wanda ya dage sai ya gwada, yaya zai sha, kuma yaya zai gane ko yana aiki?

Habibu, mai harhaɗa magunguna, Ikeja:

Maganar tana da asali. Sitatin, wato dangin magungunan rage kolestirol irin su atorvastatin, yana toshe hanyar da jiki ke ƙera kolestirol, kuma ta wannan hanyar ce CoQ10 ke fitowa, don haka yakan ragu a jini. Amma gwaje-gwajen da aka yi kan ciwon tsoka sun saɓa wa juna, wasu sun ga sauƙi, wasu ba su gani ba. Ba dole ba ne. Wanda cinyoyinsa ko kafaɗunsa suka fara ciwo duka ɓangarorin biyu bayan fara sitatin, ya koma wurin likita a auna CK, sinadarin da ke hawa a jini in tsoka ta ji rauni, da aikin maƙoƙo, a rage awo ko a sauya iri. In fitsari ya koma kalar shayi, wannan na gaggawa ne.

Shan CoQ10: a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. A sha a tsakiyar abinci mai mai, miyar gyaɗa ko ta manja ko ƙwai. Da ruwan shayi a cikin da ba komai, yawancinsa wucewa zai yi. Hanji ba ya iya ɗaukar mai yawa a lokaci ɗaya, shi ya sa ake raba 300 gida uku. Na ƙarshe kada ya wuce la'asar ga wanda yake hana shi barci. Yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya daidaita a jini. MitoQ akasin haka ne: da safe, da ruwa, kafin a karya, domin abinci na rage shigarsa. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi, ba a gwada a kansu ba.

Haɗari mafi girma na masu shan warfarin ne, maganin hana jini daskarewa, irin masu bawul na ƙarfe ko masu bugun zuciya marar tsari. Siffar CoQ10 ta yi kama da bitamin K, kuma an samu waɗanda INR ɗinsu, wato awon jinkirin daskarewar jini, ya faɗi bayan sun fara, jini ya koma yana iya daskarewa. Bitamin E mai yawa kuma kishiyar haka yake yi, yana ƙara zubar jini. Mai warfarin kada ya fara ko ya daina ɗayansu sai an auna INR kafin nan, a sake bayan mako ɗaya ko biyu.

Wajen saye, a duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar lalacewa, a saya a kantin da ke da rajista. Lambar tana nuna an yi wa kayan rajista, ba tana tabbatar da alkawuran ɗan talla ba ne. Zafi da haske suna lalata CoQ10, yana narkewa tun a kusan digiri 50, kuma motar da aka rufe a rana a Legas tana kai haka. Kwalbar da ƙwayoyinta suka manne da juna ko suke yoyon mai ruwan lemo, an gasa ta a hanya.

Dakta Binta, likitar zuciya, Idi-Araba:

In ƙara kan yadda zai gane, domin "ina jin ƙarfi" ba ma'auni ba ne. Kafin ya fara, ya auna hawan jini a gida kwana bakwai: ya zauna minti biyar, baya a jingine, dantse daidai da ƙirji, awo biyu da safe kafin shan magani, biyu da dare. Ya zubar da na ranar farko, ya fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135/85 zuwa sama hawan jini ne. Mai sukari ya auna HbA1c. Sannan ya ƙara abu ɗaya tak, ba tare da ya taɓa amlodipine ko metformin ɗinsa ba. Bayan mako takwas ya maimaita awon hawan jinin, HbA1c kuma sai bayan wata uku, domin kwanakin jajayen ƙwayoyin jini yake bi. In gajiya ce da sanyin ƙafa suka sa dattijo neman ƙwayar, kuma ya yi shekaru kan metformin, a fara auna masa bitamin B12, domin metformin na rage shi, kuma wannan yana da magani sananne. Takardar awon ya zo da ita asibiti tare da kwalbar, a ga abin da aka rubuta a jikinta.